Hannun Hagun Auta

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana yin abin da gwiwar mai shekara saba'in da huɗu ta saba yi, ni kuwa ban ba ta fuska ba. Baffanki Auta yana ci yana sha, yana kuma tsokanar duk wanda ya shigo gidan, wanda shi ne ma'aunin lafiyarsa tun yana yaro.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifinki, wanda ni da shi 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma ko a ranar ban wuce gaisuwa ba. An shaida mini cewa aikinki rubuta manhaja ne, kuma a birnin da kike ana samun abin da nake nema. Na zaɓi takarda a kan waya domin ban saba yin maganar da ba zan iya komawa in duba ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Kin san Auta shi ne mai piyano a ƙungiyar makaɗan gidan rediyo, inda ni ma na yi shekara talatin da ɗaya ina kula da na'urori. Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, hannun bai dawo ba. Sai na haɗa masa wani ɗan akwati na saka a bayan piyanonsa mai aiki da lantarki. Akwatin yana jin abin da hannun dama yake bugawa, yana karɓar awon kiɗa daga matakin da Auta ke takawa da ƙafa, sannan ya buga rabon hannun hagu. Kowace safiya bayan karin kumallo Auta yakan yi awa biyu a kai.

Kada ki ɗauka nishaɗi ne kawai. Yatsun hannun daman suna fama da sanyin ƙashi, kuma likita ya ce motsin kullum ne yake riƙe da su. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ba kyanwar maƙwabta. Ya kuma rantse ba zai buga da hannu ɗaya ba, wai kiɗan hannu ɗaya kamar mutum ne yana tafiya da takalmi wari guda.

Ranar Talata akwatin ya mutu. Na buɗe na duba: fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, ne ya ƙone, kuma an daina ƙera irinsa tun tuni. Na rubuta lambar wanda zai maye gurbinsa a ƙaramar takardar da ke ciki. Ki saya ki ba direban motar kayan da ya kawo miki wannan. Yana zuwa wajenku duk mako biyu, kuma mutum ne mai amana.

Ki lura, fanel na ce. Sauran aikin nawa ne. Da harshen kwamfuta na Forth na rubuta manhajar farko, da shi zan rubuta ta biyu, kuma ba za ta ɗauke ni fiye da mako uku ba.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Goggonki

*

19 ga Fabrairu

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya gwiwar, yaya jikin Baffa? Mu duk lafiya lau, in ban da ƙaramar da ke fitar da haƙori, ta hana kowa sakat.

Wallahi sau uku na karanta takardarki. Tun ina 'yar makaranta Baba yake ba mu labarin Goggon da ke gyara injin gidan rediyo maza na riƙe mata fitila. Ban taɓa zaton za ki rubuto mini ba.

Ga fanel nan, na naɗe shi a cikin tsohon ɗankwalina saboda girgizar mota. Kin ce fanel kawai, na ji. Amma ki yi haƙuri da bakina, gadon gidanmu ne.

Na yi maganar akwatin a ofis. Mu arba'in ne, mutum ɗaya ne ya taɓa jin sunan Forth, shi ma a bakin malaminsa da ya yi ritaya. Wannan sabon fanel ɗin ƙwaƙwalwarsa ba irin ta tsohon ba ce. Kafin ki kai ga kiɗa sai kin sake gina tushen Forth ɗin a kansa, kuma littafin bayaninsa ya haura shafi dubu, da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Mako uku, Goggo? Ni da nake da idon shekara talatin da biyar ba zan yi wannan alkawarin ba.

Me zai hana a rubuta da harshen Python? Akwai samfurinsa da ke hawa irin wannan fanel ɗin, kuma hanyar magana da piyano an riga an rubuta ta, ɗauka kawai ake yi. Yana karantuwa kamar wasiƙa. In kin turo mini yadda tsohon akwatin yake tunani, cikin kwana goma Baffa zai koma kan kujerarsa. Ba wai na fi ki iyawa ba ne, Allah ya kiyaye. Sauri nake duba mana, saboda abin da kika faɗa game da yatsunsa.

Sai kuma wani abu. Layukan takardarki suna gangarawa ƙasa in sun kusa ƙarshe, har wani ya hau kan wani. Idon lafiya dai ko?

A gaishe mini da Baffa, a ce masa kyanwar ta gode.

'Yarki

*

2 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Fanel ya iso lafiya, na gode. Na wanke ɗankwalin na goge, ga shi nan na mayar. Ƙaramar kuma a shafa mata ruwan sanyi a dasashi da tsumma mai tsabta. Idona lafiyarsa lau. Teburin ne ya karkace.

Tun da kin kawo shawarar da ban nema ba, ya zama wajibi in ba ki amsar da ta dace da mai ilimi.

Ban jahilci Python ba. Na san yana da daɗin karatu, na kuma san abin da ake biya kafin a sami wannan daɗin. A cikinsa akwai mai shara. Manhaja tana cikin aiki, sai ya tsayar da ita ba sallama, ya share abin da aka gama amfani da shi a ƙwaƙwalwa, sannan ya ce a ci gaba. A ofishinku babu wanda zai ji wannan tsayuwar. Kunnen makaɗi yana jin ta. Ba zan sa ƙanena ya taka mataki, hannun hagunsa ya tsaya jiran mai tsintsiya ba.

Forth ba ya yin komai a bayan idonki. Ke kike ƙera kalmominki, ƙarama a kan ƙarama, kamar mai jera bulo, har ki kai ga kalma ɗaya da ke ɗauke da ginin duka. Na san tsawon lokacin da kowace kalmata take ci, kamar yadda na san yawan matakan benen gidan nan.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba. Hannun hagun Auta bai taɓa sauka daidai da na dama ba. Yakan ɗan makara a bugu mai nauyi, ya ɗan riga in waƙa ta yi daɗi. Wannan ne ya sa ake gane kiɗansa ko daga bayan katanga. Na yi wata takwas ina sauraren tsofaffin kaset ɗinsa guda arba'in da biyu, ina auna wannan makarar bugu bayan bugu, har na mayar da ita jadawali. Ranar da na fara kunna masa, ya buga layi biyu ya tsaya, ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya, ya ce, “Kai, ashe kana nan.” To makarar da na auna da gangan ba za ta zauna gida ɗaya da makarar da ke zuwa yadda ta ga dama ba.

Kin ce in turo miki yadda tsohon akwatin yake tunani. Yana cikin kaina, da wani littafi mai koren bango. Kalmomina harafi biyu ne ko uku, kuma ban taɓa rubuta bayani a gefensu ba. A ganina manhajar da ke buƙatar bayani kamar barkwanci ne da sai an fassara.

Na karanta wa Auta takardarki. Ya ce, “Yaya, ni ko da harshen aljanu aka rubuta, ya dai yi kiɗa.” Na ce masa shi ya sa ba shi aka ba na'urorin gidan rediyo ba. Telan da ke ƙasanmu ma ya hawo jiya yana tambaya ko an yi rasuwa ne, wai kekensa ya saba ɗinki da kiɗan safe. Na ce ya ba ni mako biyu.

Goggonki

*

24 ga Maris

Goggo,

Barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya ke da Baffa. Haƙorin ya fito, guda biyu, kuma ni aka fara gwada su a kai.

Labarin hannun Baffa ya sa ni hawaye a cikin motar haya, har mai kusa da ni ta miƙo mini hankici. Kin yi gaskiya a kan mai shara, ban musa ba. Amma mako bakwai ke nan Baffa bai taɓa piyano ba, abin ya tsaya mini a rai.

Ki gafarce ni, na yi gaban kaina. Na sayi fanel na biyu, na ari piyanon wani abokin aikina, na haɗa akwati da Python. Ga shi nan a kwalin. Na matsa wa mai sharar, na ba shi lokacin da zai riƙa fitowa tsakanin bugu da bugu. Na auna sau dubu: mafi munin jinkirinsa kashi tara ne cikin dubu na sakan ɗaya, shi ma jefi-jefi. Ba shi da jadawalinki, don haka hannun hagun zai fito a miƙe kamar na ɗan koyo. Ba na Baffa ba ne, na sani. Na wucin gadi ne, ya riƙa motsa yatsu kafin ki gama naki.

Na rubuta bayani a gefen kowane layi. Na yi haka ne don kada kiɗan Baffa ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ko bayan ranki, duk wanda ya buɗe zai iya gyara masa.

Jona shi kawai za ki yi, wayoyin iri ɗaya ne da na tsohon.

'Yarki

*

3 ga Afrilu

'Yata,

Muna lafiya.

Kwalinki ya iso, ga shi nan ya koma yadda ya zo. Ban yanke igiyarsa ba.

Na karanta inda kika yi tanadin bayan raina. Tanadi ne mai kyau, kuma ya nuna an yi miki tarbiyyar hangen nesa. Sai dai ina sanar da ke cewa har yanzu ni nake hawa benen nan da ƙafata, ni nake dafa abin da za mu ci, ni kuma na ɗauki Auta a bayana tun kafin a haifi mahaifinki. Ranar da aka fitar da ni daga gidan nan, kya iya zuwa da kwalinki.

Shekara talatin da ɗaya ina aiki da mutanen da ke jiran in gaza su karɓi abin da ke hannuna. Ban zaci zan same su a cikin dangi ba.

Ban gaya wa Auta zuwan kwalin ba, kuma ba na son ya ji daga wani wuri. Aikina ya kusa kammala.

Goggonki

*

11 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Wata guda ina juya takardarki, na rubuta amsa huɗu na yaga.

Wallahi ba mutuwarki nake jira ba. Haka muke magana a wajen aiki, kullum ana tambayar wa zai riƙe abu in mai shi ba ya nan, har bakina ya saba, na manta da wadda nake rubuta wa. Laifina ne. Ki yafe mini.

Ban karɓi komai daga hannunki ba, Goggo, kuma ba zan iya ba. Kwalin yana kan kabad ɗina, ban kwance shi ba. Kalma ɗaya za ki ba direba ya dawo da shi.

Na bi umarninki, ban nemi Baffa ba. Amma don Allah ki gaya mini, ya koma kiɗan? Yaya yatsun?

'Yarki

*

29 ga Yuni

Goggo,

Gaisuwa. Direba ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin ce babu amsa. Ya kuma ce da ya tsaya a ƙofar bene bai ji kiɗa ba, amma wataƙila ba lokacinsa ba ne.

Ba sai kin yafe mini ba. Layi ɗaya kawai nake roƙo a kan hannun Baffa.

'Yarki

*

30 ga Agusta

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yaran, ina kuma fatan shirun da na yi bai sa kin cire ni daga cikin waɗanda kike gaisarwa ba. Za ki ga rubutun nan manya ne. An yi mini aiki a idon dama wata guda da ya wuce, an cire yana. Na hagun sai nan gaba. Teburin bai taɓa karkacewa ba.

Zan ba ki labari bi da bi, domin ke ce kika cancanci jin sa, kuma ba na son in rage komai.

Littafin fanel ɗin da gilashin ƙara girma na riƙa karanta shi, shafi ɗaya a awa guda. Zuwa ƙarshen Mayu na gina tushen Forth ɗin, ya amsa mini, na yi murna kamar yarinya. A makon farko na Yuni na zo haɗa wayar matakin ƙafa. Ƙafafun fanel ɗin a jere suke, tsakaninsu bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba. Na ɗora ƙarfen soda na liƙa waya a kan ta takwas ina ganin ta bakwai ce. Da na kunna, sai ƙauri. Ni da na koya wa mutum goma sha ɗaya riƙon ƙarfen soda.

A ranar takardarki ta Mayu tana cikin aljihun teburin, tazarar hannu ɗaya daga inda nake zaune. Na san abin da ke kan kabad ɗinki. Maimakon in ba direba kalma ɗayan da kika ce, sai na shiga mota na tafi layin masu gyaran rediyo, na samo wani tsohon fanel na daban, na sake farawa daga tushe. Na gaya wa kaina cewa ingancin kiɗan Auta nake karewa.

Teburin aikina yana fuskantar bango, kujerar Auta tana bayana. Wata biyar na ba shi baya. Da fari kullum sai ya tambaya, “Injiniya, yau za a saki hannuna ko sai an kawo mai beli?” Daga baya ya koma tambaya sau ɗaya a mako. A cikin Mayu ya daina. Na ɗauka haƙuri ya koya, har na ji daɗin samun shiru.

Shi ya tilasta mini zuwa asibitin ido, bayan na zuba masa gishiri a shayi sau biyu. Ya ce, “Yaya, in kashe ni za ki yi, ki yi da ido biyu.” Ranar da aka cire mini bandeji na dawo gida, abin da na fara gani sarai shi ne yadda yake shan shayi. Ba ya riƙe kofin da yatsu. Tura shi yake da bayan hannu zuwa bakin tebur, ya sunkuya ya kurɓa. Yatsansa na tsakiya da mai bi masa sun lanƙwashe sun manne da tafi. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce, “Tun kina shafi na ɗari huɗu.”

Likitan gashin ƙashi ya duba. Ya ce za a yi abin da za a iya, amma gaɓar da ta daɗe a naɗe ba ta cika miƙewa ba. Ya tambaye ni dalilin da ya sa aka bar kiɗan.

Na gaya wa Auta labarin kwalin. Ya saurara har na gama. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Tun Maris?” Na ce tun Maris. Ya ce to, ya juya ya dubi taga.

Maganarki ta bayan raina gaskiya ce. Ba baƙar magana kika yi ba, ni ce na zo da baƙin kunne. Ni ke neman afuwa, kuma ban iya neman ta da kyau ba, don ban saba ba.

Ki turo akwatin. Ga koren littafin nan a cikin ambulan; jadawalin yana shafi na sha tara zuwa ashirin da shida. Ki rubuta da duk harshen da kika ga dama.

Goggonki

*

9 ga Satumba

Goggo,

Alhamdu lillahi da jin muryarki, ko da a takarda ne. Allah ya ƙara sauƙin idon, ya ba Baffa lafiya. Babu komai tsakaninmu. Ni ma da na san haka ne, da na karya umarninki na hau mota tun Mayu. Wannan nawa laifin ne, zan riƙe shi.

Kwana huɗu na ɗauki hutu na zauna da koren littafin. Goggo, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba, kuma ban taɓa zagin marubuci a zuci kamar yadda na zage ki ba. Kalmar da kika sa wa suna BK ta ci mini yini guda kafin in gane bugun ƙafa ce.

Ga yadda na yi. Ɓangaren da ke riƙe lokaci da jadawalinki na rubuta shi da harshen C, babu mai shara a wajen, ba ya jiran kowa. Ɓangaren da ke zaɓen abin da hannun hagu zai buga na bar shi da Python, don a iya sauya shi cikin sauƙi in yatsun Baffa sun buƙaci wani tsari. Lambobinki ban taɓa ko ɗaya ba.

Direba zai iso ranar Asabar. Ki rubuto mini duk yadda aka yi, ko mai daɗi ko marar daɗi.

'Yarki

*

27 ga Satumba

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Idon yana ƙara washewa, gwiwa tana nan da halinta. Auta yana gaishe ki da kyau, kuma shi ya ce in rubuta miki komai kada in yi kwaskwarima.

Akwatin ya iso ranar Asabar. Na jona shi, na auna shi da na'urata kafin in bar kowa ya ji. Ban sami abin gyara ba. Na karanta bayanan da kika rubuta a gefen layuka, na gane aikina a cikinsu fiye da yadda nake gane shi a littafina. Rabon da kika yi tsakanin harsunan biyu shi ne daidai, kuma da na saurare ki da mun kai gare shi tun watan Maris, a takarda biyu.

Likitan gashin ƙashi ya ce a jira mako biyu ana gasa hannun, muka jira. Shekaranjiya da safe Auta ya ce a buɗe piyano. Ya sa na fito masa da rigar da yake sawa in za su shiga ɗakin ɗaukar sauti. Tela ya ji motsin kujera ya hawo da tef ɗin awo a wuya, ya tsaya a bakin ƙofa.

Auta ya taka matakin sau huɗu, ya ɗora yatsu ukun da suka rage masa. Hannun hagun ya shigo da 'yar makararsa, daidai inda ya saba shigowa. Tela ya ce, “Shi ne wallahi!” Na dubi fuskar Auta na ga ya rufe ido.

Layi shida ya buga. A na bakwai akwai wurin da hannun dama yake gudu ya haye sama, wurin da a da yake wucewa yana hira da mai ganga. Ya kai yatsan tsakiya, yatsan bai je ba. Ya koma ya sake, bai je ba. Sau biyar. Duk wannan lokacin hannun hagun yana tafiya abinsa, cikakke, yana jiran ɗan'uwansa a kowace kwana.

Na ce masa kin bar hanyar sauya tsari, za a iya sa akwatin ya ɗauki wannan gudun ma, shi ya riƙa ba shi bugu ɗaya-ɗaya. Ya yi dariya. Ya ce, “Yaya, ya ɗauki hagu, ya ɗauki dama, ni kuma in zauna in yi masa tafi da me?” Sannan ya ɗauke ƙafarsa daga matakin, ya ce, “Kashe shi. Ya fi ni iya ni yanzu.”

Na kashe. Tela ya sauka ƙasa.

Da rana na same shi ya rufe piyanon da kansa, da gwiwar hannu. Na fara yi masa maganar da na daɗe ina shiryawa, ya katse ni. Ya ce shekara shida na ba shi waɗanda likita bai ba shi ba, kuma ba zai yarda in zauna ina ƙirga wata biyar ina manta shekara shida ba. Na ce masa ƙirga aikina ne. Kashi tara cikin dubu na sakan na ƙi karɓa, 'yata. Na auna wannan da kyau, ban auna ɗayan ba.

Ya ce in gaya miki kiɗan da kika mayar masa nasa ne, ya ji shi, layi shida, kuma ya gode. Yana son ki zo da yaran idan an yi hutu, wai yana so ya ga wadda ta yi wa Yaya gardama ta kwana lafiya. Ni ma ina so. Ɗakin baƙi yana nan, zan kwashe wayoyin da ke kan gadon.

Na juya teburin aikina jiya, ni da tela muka ɗaga shi. Yanzu ina rubuta miki ina ganin Auta. Yana zaune a bakin taga, hannayensa biyu a cinya, yana kallon titi.

Goggonki